Gidajen Shagari da Tarihin Alƙawarin Muhalli ga Talakan Nijeriya

A garuruwa da dama na Nijeriya, daga Kano da Katsina da Maiduguri zuwa Yola da Kaduna da Legas, akwai unguwar da ke ɗauke da sunan Shagari, wani wuri a ce Shagari Kwatas, wani wuri a ce Shagari Lokos, kuma dukkansu asalinsu ɗaya ne, wato shirin gina gidaje masu sauƙin kuɗi da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta gudanar a zamanin Jamhuriya ta Biyu, tsakanin 1979 da 1983. Wannan shiri ba shi ne farkon shigar gwamnati harkar gidaje ba, kuma an yi wasu bayansa, amma shi ya fi kowanne shiga bakin jama'a, shi ne kuma ya fi fito da matsalar da ta bi kusan dukkan shirye-shiryen gidaje na ƙasar tun zamanin Turawa, wato hukuma ta gina gida da sunan talaka, mai albashi ya shiga, talakan kuwa ya ci gaba da gina nasa da kansa, sannu a hankali, a filin da hukumar ba ta ma san da zamansa ba. Kafin a gane yadda aka kai ga haka sai an koma baya, zuwa lokacin da samar da muhalli, wato wurin da mutum zai zauna da iyalinsa, bai shiga cikin ayyukan hukuma ba tukuna.

Kafin zuwan Turawa, hannun hukuma a harkar gida a ƙasar Hausa bai wuce rabon fili ba. Wanda ya tashi yin gida a birni yakan nemi fili ta hannun mai unguwa, a ƙauye kuma ta hannun dagaci, sa'annan ya tara kayan gini daga abin da ke kewaye da shi: ƙasa daga kududdufi, wato ramin da ake haƙa a gefen unguwa wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa da damina, da tubalin da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, da azarar da ake tsagawa daga giginya domin rufi saboda gara ba ta cinta da sauƙi, da makubar da ake samu daga kwasfar ɗorawa a shafe bango da ita don kada ruwa ya zaizaye shi. Gini sana'a ce mai zaman kanta wadda ke da shugabanta, Sarkin Magina, amma ƙaramin gida ba ya bukatar gwani sai a wasu wurare kaɗan, sauran aikin kuwa 'yan'uwa da maƙwabta ke kamawa ta hanyar gayya. Abin da ya fi kayan ginin muhimmanci shi ne cewa gidan Bahaushe ba a gama shi rana ɗaya. Ana farawa da katanga ko danga da zaure da ɗaki ɗaya ko biyu, idan iyali ya ƙaru a ƙara ɗaki, idan ɗa ya yi aure a yanka masa sashe, idan shekara ta yi kyau a sauya jinka da rufin azara. Saboda haka gida yana girma ne gwargwadon samun mai shi, kuma babu wani wa'adi da aka ɗora masa na biyan kuɗi duk ƙarshen wata.

Mulkin mallaka ne ya kawo gidan da hukuma ke ginawa ta ba mutum, kuma tun daga farko an ɗaure wannan gida da aikin gwamnati. Dokar garuruwa ta 1917, wadda aka yi a zamanin Gwamna Lugga, ta ƙarfafa tsarin keɓe wa Turawa unguwanninsu, waɗanda daga baya aka sani da GRA, tare da barin sarari na yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakaninsu da unguwannin 'yan ƙasa, bisa hujjar kariya daga sauro da zazzaɓi. A nan ne ake da manyan filaye da bishiyoyi da ruwan famfo da ɗakunan boyi-boyi a baya, kamar yadda har yau ake gani a Nassarawa ta Kano. Ƙananan ma'aikata na jirgin ƙasa da 'yan sanda da gandiroba sun samu bariki da kwatas, wato jerin ɗakunan da mutum ke zama a ciki muddin yana bakin aiki. Sauran baƙin da ciniki da ƙwadago suka jawo, musamman bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, an bar su da Sabon Gari da Tudun Wada da makamantansu, inda gidan haya ya samu gindin zama, gida mai ɗakuna a jere suna fuskantar juna, kowane ɗaki da iyalinsa, ga banɗaki ɗaya da madafa ɗaya na kowa da kowa.

A Legas ne hukuma ta fara taɓa gidajen talakawa, amma tsoron cuta ne ya kai ta. Bayan annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta ɓarke a birnin a 1924, an kafa hukumar raya birnin Legas a 1928 domin rushe cunkusassun unguwanni, kuma wannan hukuma ce daga 1955 ta kwashe mutane daga tsakiyar tsibirin Legas ta kai su sababbin gidaje a Surulere. Wani masani ɗan Ingila, Peter Marris, ya bi sawun waɗanda aka kwashe ya wallafa littafi a 1961, inda ya nuna cewa gidajen sun fi tsofaffin tsabta da fili, amma 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da yawa sun yi asarar masu sayen kayansu, kuɗin mota ya cinye musu riba, dangi kuma sun warwatse. Wannan darasi, cewa gidan talaka ba ya rabuwa da wurin neman abincinsa, an rubuta shi kusan shekara ashirin kafin shirin Shagari, amma ba a ga alamar an yi aiki da shi ba. A ɓangaren kuɗi kuwa, ƙungiyar bayar da rancen gini da aka kafa a 1956 ta fi amfanar manyan ma'aikata da attajirai, domin su kaɗai ke iya cika sharuɗɗanta.

Kuɗin man fetur ne ya sa gwamnatin tarayya ta ɗauki gina gidaje a matsayin aikinta. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973, da burin gina gida 59,000, wato 15,000 a Legas da 4,000 a kowane babban birni na sauran jihohi goma sha ɗaya. A tsarin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, an ɗaga burin zuwa gida 202,000, amma abin da aka kammala bai kai kashi 15 cikin 100 ba. A tsakiyar wannan lokaci ne aka yi badaƙalar siminti ta 1975, lokacin da ma'aikatun gwamnati suka yi odar kimanin tan miliyan 20 a lokaci guda, jiragen ruwa sama da 400 suka toshe tashar Legas, ana biyansu kuɗin jira kullum, simintin kuma yana daskarewa a cikinsu. Abin da ya fi fitowa fili daga ayyukan wancan zamani shi ne unguwar Festac ta Legas, wadda aka gina domin baƙin bikin al'adun baƙar fata na 1977, daga baya aka raba wa jama'a ta hanyar ƙuri'a. A shekarar ce kuma aka mayar da tsohuwar ƙungiyar rancen gini Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Shekara ɗaya bayan haka, a watan Maris na 1978, gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta damƙa dukkan filayen kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Ga mutanen Arewa wannan ba sabon abu ba ne, domin dokar filaye ta 1910 da ta 1962 sun riga sun aza irin wannan tsari, amma shigar da dokar cikin tsarin mulki na 1979 ya ba gwamnonin farar hula wani makami wanda ba a daɗe ba suka gwada shi.

Jam'iyyar NPN ta Shagari ta shiga zaɓen 1979 da alamar gida da masara, kuma ba a yi wannan alama don ado ba, domin abinci da muhalli su ne manyan alƙawuran da ta yi wa masu zaɓe. Da Shagari ya karɓi mulki ran 1 ga Oktoba na 1979, sai ya kafa ma'aikata ta musamman ta gidaje da muhalli, aka tsara gina gida 40,000 a kowace shekara, wato 2,000 a kowace jiha cikin jihohi 19 na lokacin da kuma Abuja, wanda zai kama 160,000 a shekara huɗu. An ware kaso mafi tsoka, kimanin kashi 80 cikin 100, ga masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda za a gina wa ƙaramin gida mai ɗakin kwana ɗaya, sauran kuma gidaje masu ɗaki uku ga masu matsakaicin albashi. Tunanin da ke bayan ƙaramin gidan shi ne a ba mutum tushe kawai, wato ɗaki da falo da madafa da banɗaki a cikin fili mai ɗan sarari, ya ƙara ɗakuna da kansa idan ya samu hali. Wannan tunani bai yi nisa da yadda Bahaushe da sauran ƙabilu suka saba gina gida ba, kuma adalci ne a ce shi ne mafi kyawun abin da ke cikin shirin. Inda aka samu tangarɗa shi ne wurin da aka kafa tushen, da siffar da aka yi masa, da wanda aka miƙa wa makulli.

Maganar wuri ta faro ne daga siyasa. NPN ta ci kujerar shugaban ƙasa amma jihohi bakwai kawai ta samu, sauran goma sha biyu suna hannun jam'iyyu huɗu: UPN tana da biyar, NPP uku, GNPP tana da Borno da Gongola, PRP kuma tana da Kano a ƙarƙashin Muhammadu Abubakar Rimi da Kaduna a ƙarƙashin Balarabe Musa. Tun da fili yana hannun gwamna, gwamnatin tarayya ba ta iya aza bulo ko ɗaya sai da amincewarsa, gwamnonin hamayya kuwa suna kallon kowane rukunin gidaje a matsayin allon tallar NPN da za a kafa musu a ƙofar gida, musamman da yake sun riga sun fusata da naɗa jami'an tuntuɓa na shugaban ƙasa a jihohinsu. Wasu sun ja ƙafa, wasu sun bayar da fili a bayan gari, can inda babu titi babu ruwa babu wuta. Ba hamayya kaɗai ta jawo haka ba, domin ko a jihohin NPN filin da ya fi sauƙin samu ba tare da biyan diyya mai yawa ba shi ne na nesa. An kuma rarraba wasu gidajen zuwa hedikwatocin ƙananan hukumomi don kowa ya shaida an yi masa aiki, har a wuraren da kowane magidanci yake da gidan gado kuma babu mai neman haya. Ga ɗan dako ko mai faci ko mai sayar da shayi, wanda abincinsa ke bakin kasuwa ko tasha kuma sai ya fita yake samu, gida mai nisan mil da yawa daga gari ba sauƙi ba ne, ƙarin wahala ne, sai ya gwammace ɗakin hayarsa na Fagge ko Tudun Wada.

Siffar gidan kuwa a Legas aka zana ta, aka aika ko'ina da ita, kamar telan da ya yanka riga ɗaya ya ce kowa a gari ya sa. Gidan da aka gina a Kalaba mai ruwan sama kusan duk shekara shi aka gina a Sakkwato da Nguru, da bangon bulo marar kauri da rufin da ke tara zafi, alhali ginin ƙasa mai kauri da mutanen Arewa suka gada yana riƙe sanyi da rana ya kuma riƙe ɗumi da hunturu. Amma abin da ya fi zafin ɗaki damun magidanci Bahaushe shi ne tsarin shiga da fita. A gidan gargajiya baƙo namiji yana tsayawa a zaure, wato ɗakin da ke ƙofar gida inda mai gida ke karɓar baƙi da cin abinci da abokansa, a wasu gidajen kuma da karantar da yara, kuma ƙofofin zaure ba sa fuskantar juna don kada idon mai wucewa ya faɗa cikin gida. Bayan zaure ne ake samun tsakar gida, wadda ita ce ainihin wurin zaman mata, a nan ake daka da girki da wanki da reno, a nan ake kiwon kaji da awaki, a nan kuma matan da ke cikin kulle suke gudanar da sana'o'insu na ƙuli-ƙuli da fura da ɗinkin hula, waɗanda sau da yawa su ke cike giɓin cefane. Gidan Shagari ba shi da zaure, ba shi da katanga, ƙofarsa daga waje take buɗewa kai tsaye cikin falo. Madafarsa ƙarama ce a cikin gida, an yi ta domin risho, ba domin murhun itace da turmi ba, banɗakinsa kuma na ruwa ne a unguwar da famfo bai iso ba. Ɗakin kwana ɗaya ba ya ɗaukar iyali mai 'ya'ya maza da mata da suka fara girma, balle mai mace fiye da ɗaya, wanda addini da al'ada suka wajabta masa ba kowace ɗakinta.

Mazauna ba su tsaya jiran a gyara musu zane ba. Abin da aka fi fara yi shi ne zagaye fili da katanga, daga nan a fitar da zaure ko shago a gaba, a yi rumfar girki a baya, a haƙa rijiya da masai, sa'annan a jera ɗakuna a jikin katanga, har ya zama a unguwanni da yawa sai mai lura sosai ne zai gane ainihin ginin gwamnati a tsakiyar abin da aka ƙara. Masu tsara birane sukan kira wannan ɓata tsari, amma idan aka duba da kyau shi ne shaidar cewa mutane sun san gidan da suke bukata, kuma suna da halin gina shi da kuɗinsu idan an ba su fili tabbatacce. Sai dai duk wannan gyara kuɗi yake ci, kuma wanda ke da kuɗin katanga da rijiya da ƙarin ɗakuna ba shi ne talakan da aka ambata a takardar shirin ba.

Harkar kwangila ta ƙara dagula al'amari. An rarraba ayyukan ga 'yan kwangila masu yawa, da dama daga cikinsu cancantarsu ta jam'iyya ce ba ta gini ba, kuma akwai waɗanda suka karɓi kuɗin kafin alƙalami, wato kason da ake bayarwa tun kafin a fara aiki, suka aza harsashi suka tafi. Siminti da kwanon rufi da ƙarfe yawancinsu daga waje ake shigo da su, domin masana'antun gida irin na Sakkwato da Ashaka da Ewekoro ba sa wadatar da ƙasar. Da kasuwar mai ta fara faɗuwa a 1981, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu da dokar daidaita tattalin arziki ta watan Afrilu na 1982, sai kuɗin shirin ya ƙafe, kayan gini suka yi tsada. Ƙididdigar da aka fi ambatawa ta nuna cewa zuwa tsakiyar 1983 gida kimanin 32,000 aka kammala, wato ɗaya cikin biyar na abin da aka ƙudurta. Sojoji suka kifar da gwamnatin ran 31 ga Disamba na 1983, gidaje da yawa suka zauna kango shekara da shekaru, aka kwashe ƙofofi da tagogi, wasu kuma aka ba 'yan sanda da sauran ma'aikata su zauna. Waɗanda aka raba kuwa, hanyar samunsu ita ce cike fom da nuna shaidar albashi da biyan wani abu a gaba, sharuɗɗan da ma'aikacin gwamnati ke iya cikawa amma manomi da ɗan tireda da magini ba sa iyawa, ko da samunsu na shekara ya kai na akawu, domin ba su da takardar da za ta nuna shi.

A daidai zamanin shirin Shagari gwamnan Legas na UPN, Alhaji Lateef Jakande, ya gina dubban gidaje a Amuwo-Odofin da Iponri da Abesan da Oke-Afa da wasu wurare, kuma shirinsa ya fi na tarayya kai wa ga gaci, saboda fili da kuɗi da ikon rabo duk suna hannu ɗaya, kuma ya haɗa gidajen da makarantu. Duk da haka, da aka naɗa shi ministan ayyuka da gidaje a gwamnatin Janar Abacha, aka ƙaddamar da shirin gida 121,000 a 1994, jama'a suka zuba kuɗin ajiya, abin da aka kammala ɗan kaɗan ne ƙwarai, wanda ke nuna cewa matsalar ta wuce ta mutum ɗaya.

Daga ƙarshen shekarun 1980, bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sai gwamnati ta fara cewa aikinta ba gini ba ne, samar da hanyar rance ne. Manufar gidaje ta ƙasa ta 1991 ta yi alƙawarin gida ga kowa kafin shekara ta 2000, kuma a 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda aka tsara yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashin duk ma'aikacin da ke samun naira 3,000 ko fiye a shekara, domin a tara a ba masu zubi rance mai sauƙin ruwa, wanda za a iya biya cikin shekaru masu yawa. Dokar asusun ta kuma umarci bankuna da kamfanonin inshora su zuba wani kaso, abin da ba su yi ba, ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ta ƙorafin cewa ana yanka ba a ganin gida, jihohi da yawa kuma suka daina aika kuɗin na wasu shekaru. Rancen kansa yana bukatar jingina, jingina kuma tana bukatar takardar shaidar mallakar fili mai sa hannun gwamna, wadda samunta ke cin watanni ko shekaru da kuɗi mai yawa. A Arewa akwai ƙarin shinge, domin Musulmi da yawa ba sa kusantar bashin da ruwa ya hau kansa saboda haramcin riba, kuma bankin farko marar ruwa, Jaiz, sai a 2012 ya fara aiki. Da gwamnatin Obasanjo ta biyu ta mayar da haƙƙin gida na ma'aikata kuɗi a 2003, ta kuma sayar da gidajenta na Abuja daga 2005, waɗanda ke zaune a ciki da masu hannu da shuni ne suka saya, ƙananan ma'aikata kuwa suka ƙara cika Mararraba da Masaka da Suleja da Madalla, suna shan cunkoson hanya safe da yamma. Shirye-shiryen baya-bayan nan, na tarayya da na jihohi, irin biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina a gefen Kano tsakanin 2011 da 2015, sun fi na Shagari kyan gini nesa ba kusa ba, amma farashinsu na miliyoyin naira ne, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya kai naira 70,000 a wata sai a 2024, shekarar da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama.

Amsar tambayar inda talakan birni ya samu gida a duk tsawon waɗannan shekaru tana cikin abin da mutanen Kano ke kira awon igiya. Manomin da gari ya iso gonarsa, ko magadansa, sukan kira dillali ya yanka gonar ƙananan filaye da igiya ko tef, ba tare da safiyon gwamnati ba, a sayar a rubuta takardar ciniki gaban shaidu, mai unguwa ya sa hannu. Mai saye yakan tara kuɗin ta hanyar adashi ko sayar da dabba ko gadon da ya faɗo masa, ya zagaye filin don kada a shige masa, sa'annan ya riƙa sayen bulo ɗari yau, kwano bandir ɗaya bayan wata shida, da zarar ɗaki ɗaya ya samu rufi da ƙofa ya kwaso iyalinsa ya huta da mai gidan haya, filasta da daɓe su biyo baya. Ta wannan hanya ce manyan sassan Kurna da Bachirawa da Ɗorayi da Rimin Kebe da Sheka suka tashi a Kano, haka Rigasa a Kaduna, kuma gidajen da aka gina a irin waɗannan unguwanni sun ninka duk abin da gwamnatocin tarayya da na jihohi suka gina a garuruwan sau da yawa. Tsohuwar hanyar gina gida ce a hankali, sai dai bulo ya maye gurbin tubali, dillali kuma ya maye gurbin dagaci. Aibinta a bayyane yake: tun da kowane taƙi kuɗi ne ga mai gona, lunguna sukan matse har motar kashe gobara ba ta shiga, ba a barin filin makaranta ko asibiti ko maƙabarta, ba a fitar da magudanar ruwa, wani lokaci ma a cike kududdufi ko hanyar ruwa a yi gini a kai, damina ta zo ta yi ɓarna. Mazauna ke haɗa kuɗin turakun lantarki da taransifoma, ruwa kuma a wurin 'yan garuwa suke saye da tsadar da ta fi ta mai famfo a GRA. Takardar mai unguwa ba ta karɓuwa a banki, ba ta kuma hana rusau, kamar yadda mutanen Maroko ta Legas suka gani a watan Yuli na 1990, lokacin da gwamnatin soja ta jihar ta baje unguwar da dubban ɗaruruwan mutane ke zaune a cikinta.

An taɓa gwada hanyar da ke tsakanin gidan gwamnati da awon igiya. A farkon shekarun 1980, da tallafin Bankin Duniya, an gudanar da wani aiki a unguwar Makama ta Bauchi, inda hukuma ta auna filaye ta fitar da tituna da magudanai ta kawo ruwa, ta bar wa masu filayen ginin ɗakunansu, kuma a 1986 gwamnatin tarayya ta ɗauki irin wannan tsari a matsayin shiri na ƙasa. Kuɗin da zai gina gida ɗaya kammalalle yana iya shirya filaye da yawa ta wannan hanya, amma tsarin bai samu karɓuwa a wurin 'yan siyasa ba, mai yiwuwa saboda kwangilarsa ƙarama ce kuma babu bikin miƙa makulli a cikinsa, sa'annan inda aka yi shi ma filayen sukan faɗa hannun manyan ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda ke ajiye su har su yi tsada. Abin da aka fi gani shi ne hukuma ta iso unguwar awon igiya bayan shekara goma sha biyar ko ashirin, lokacin da gidaje suka riga suka cika ta, sai ta biya diyya ta rushe wasu kafin ta samu inda za ta shimfiɗa titi da kwalbati, a kan kuɗin da ya ninka wanda za ta kashe da ta auna wurin tun yana gona.